Motar Ta Zauna, Ke Ki Tafi

Mota ɗaya ce tak take iya shiga lungunmu na Ƙofar Marke har ƙofar gida, kuma tawa ce. Ku riƙe wannan, masu karatu, domin duk abin da zan faɗa muku yau a kansa ya rataya.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Kausar. Ni ce 'yar fari a gidanmu. Ina aikin gwajin jini a wani asibitin kuɗi a Mabera. Na daɗe ina hawan kabu-kabu, ina isa wurin aiki da warin hayaƙi a mayafi, kafin adashina ya kai in taka filin dillalan motoci. Ƙanena Jibrin ne ya raka ni. Ya taɓa jan tasi na ɗan lokaci, a motarsa ma na koyi tuƙi, saboda haka yana ganin kansa masani.

Dillalin ya wuce da mu kai tsaye wurin dogayen motoci.

"Hajiya, ga irin taku ta mata. Otomatik ce, ƙofa huɗu. But ɗin nan zai kwashe kulolin biki gaba ɗaya."

Maganar kulolin nan ce ta sa na juya. Na san danginmu. Duk wadda ta sayi mota mai ƙofa huɗu ta zama direbar suna da biki da gaisuwar mutuwa, ba ta da Asabar ba ta da Lahadi, kuma in ta ce ta gaji a ce mota ta sa mata girman kai.

Can ƙarshen fili, ƙarƙashin dogonyaro, na hango ta. Ja ce, gajera, ta yi ƙasa-ƙasa kamar mai shirin tsalle. Bayanta a datse yake, murfin but ɗin yana ɗagawa sama tare da gilashinsa. Ƙofofin shiga biyu ne kawai, dogaye. Mai son kujerar baya sai an kwantar da ta gaba ya sunkuya ya kutsa. Giyar hannu gare ta, da tayoyi masu faɗi. 'Yar Kwatano ce, amma injin bai sha wahala ba.

Na gwada ta a titin bayan fili. Ina sakin kuloci na ɗan taɓa totur, ta zabura kamar an mintsine ta. Sitiyarin ƙarami ne, inda na nufa nan take bi, ba gardama.

"Yaya, wannan ta samari ce," in ji Jibrin.

Na tambayi dillalin, "Mutum nawa take ɗauka?"

"Biyu da daɗi. Huɗu da haƙuri."

"Ita nake so."

Ban faɗa wa kowa dalili ba. Na sa mata suna Barkono.

Abin da ban lissafa ba shi ne lungu. Lungunmu tsohon lungu ne: katanga hagu, lambatu dama, ga kwana a jikin masallaci wadda ko adaidaita sahu sai ya yi dabara. Ranar da na kawo ta, na naɗe madubin gefe, na bi a hankali, sai ga ni a ƙofar gida. Yara suka yi ta ihu. Tun da aka gina unguwar ba a taɓa ganin taya huɗu a wurin ba.

Baba kuwa ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun bara waccan. Duk Talata ana kai shi gashi asibiti. Kafin Barkono, a kujerar roba Jibrin da maƙwabta suke ɗaukarsa har bakin titi, mutane na ta "sannu Alhaji, Allah shi ƙara sauƙi." Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana auna shadda a kasuwa, ana tashi tsaye in ya shigo. Sai ya ja hularsa ta rufe masa ido har a isa.

Talatar farko na tura kujerar gaba baya, na wangale doguwar ƙofar nan. Taku kaɗan ne daga zaure. Kusan da kansa ya zauna. Ya shafa gaban motar da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Allah shi yi albarka." Motar yake kallo, amma na san da wa yake.

Ka ga motar da na saya don kada ta ɗauki kowa ta zama ƙafar mahaifina. Ban taɓa jin nauyin hakan ba, ko sau ɗaya. Ina so a rubuta wannan kafin masu sharhi su fara.

Amma akwai abin da take yi mini ni kaɗai. A gidanmu babu ƙofar da take rufuwa, labule ne. Ɗakinmu ni da ƙannena mata ne da duk baƙuwar da ta sauka. Wayata in na ajiye sai an duba, turarena in na saya sai an raba. In na tashi aiki na shiga Barkono, na danna makulli ƙofa biyun suka ce ƙas, shi ke nan, babu mai ɗaga labule. Nakan bi doguwar hanya da gangan. Inda titi ya buɗe na sa giya ta huɗu, ta biyar, in ji injin ya sauke murya. Ba waƙa nake sawa ba, ba waya nake yi ba. Shiru nake saya da fetur ɗina.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yafe wa motar ba: Gwaggo Murja, yayar Baba. Wata Talata ta ce lallai sai ta raka ƙaninta asibiti. Baba na gaba, dole ta shiga baya. Shigar da sauƙi. Wajen fita, a gaban masu jiran kati, ta fito da baya da baya, leshinta mai duwatsu ya maƙale a ƙarfen kujera ya yage tun daga gwiwa.

"Wagga ba mota ba ce," ta ce tana haki. "Tarkon kusu ce."

Na ba ta haƙuri, na saya mata wani leshin. Ta karɓa. Ba ta manta ba.

Yanzu Sharifuddeen. Ya kawo mahaifiyarsa gwaji ne muka haɗu. Mahaifinsa babban ɗan kasuwar hatsi ne, shi kuma yana kula da injin casar shinkafarsu. Mutum ne mai sanyin murya, farar shadda kullum, hula a karye gefe guda. Ba ya katse mutum in yana magana. Babu wanda ya tilasta mini shi. Ni na ce ya turo. Ina son sa, kuma ba zan ƙara komai a kan wannan jimlar ba.

Baƙar jif gare shi, mai tsayi. Ba ta shiga lungunmu. A bakin titi yake ajiye ta, ya tako yana tattare bakin riga saboda lambatu.

Wata ranar zance, muna tsaye jikin Barkono, ya ƙwanƙwasa rufinta da ɗan yatsa yana murmushi.

"Kin san gidanmu mata ba sa tuƙi. Akwai direba."

"Ni ina tuƙi."

"Na sani. Na ga yadda kika wuce ni a shatale-tale ran nan, ko kallo ban samu ba."

"To?"

"To ni ba ruwana. Amma Alhaji, mahaifina, mutum ne mai bin abin da aka shirya. In an faɗa ranar tambaya, gaban manya, an amsa, ba zai sake tayar da maganar ba har abada. In ba a faɗa ba, shi ma haka."

Magana ce mai sauƙi: a faɗa ranar tambaya. Sai dai ku da ba 'yan gida irin namu ba ne, sai na yi muku bayani. Ranar tambaya ba na wurin. Baba ma ba ya wurin, uba ba ya zama a kan maganar auren 'yarsa, ƙaninsa Baffa Mode ne waliyyi. Ni kuma ba zan tari Baffa da maganar aurena ba, rashin kunya ne. Inna ce ya kamata ta ɗauki saƙona, to ni 'yar fari ce. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take cewa, ko "wagga ta ɗaki." In za ta ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Miƙa ma yayarki." Maganar aurena ko a gabanta aka fara sai ta tashi ta shiga madafa. Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma unguwa na yabonta a kai.

Hanya ɗaya ta rage. Saƙon 'ya yana bi ta bakin gwaggonta.

Na je gidan Gwaggo Murja da turaren wuta da sabulu. Na durƙusa na faɗa mata dalla-dalla: aiki an riga an yarda, saura mota. Zan tafi da ita gidan miji, ni zan riƙa tuƙa ta, kuma duk Talata zan zo in kai Baba asibiti kamar yadda na saba.

"Na ji," ta ce, tana shinshina turaren.

Da na koma gida na sake turo mata shi a saƙon murya, don kada wani abu ya zube a hanya. Alamar ta yi shuɗi. Ta saurara.

Ranar Asabar manyan Sharifuddeen suka zo tambaya bayan azahar. Ina ɗaki cikin atamfa ruwan ganye, ɗinkin riga da siket, ƙannena suna leƙe ta taga suna kawo rahoto: dattawa huɗu, manyan riguna, huhun goro, katan na alawa da dabino. Jif biyu a bakin titi, dattawan sun tako lungu da ƙafa. Na ji an shafa fatiha daga zaure. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har sai da kajin Inna suka watse.

Bayan la'asar na ɗauki waya. Abu na farko da na gani hoton da Jibrin ya ɗora: Barkono an wanke ta tana ƙyalli, shi ya jingina da ita ya harɗe ƙafa. A ƙasa ya rubuta: "Sabon direban gida. Alhamdulillah."

Na ɗauka shirmensa ne. Sai saƙon Sharifuddeen ya shigo.

"Amarya. Na gode da kika sauƙaƙa. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ɗiyar mutunci ce."

"Me na sauƙaƙa?"

"Maganar mota mana. Baffa ya ce ke da kanki kika ce za ki bar wa Baba ita. Wallahi kin burge kowa."

Na karanta sau biyu. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa. Na kife wayar a kan katifa na fita.

Gwaggo na tsakar gida a kan tabarma, ta baje goro tana kasa shi kashi-kashi na dangi. Inna na bakin madafa, ta ba mu baya, tana tankaɗen garin tuwo.

Na durƙusa. "Gwaggo, saƙona bai isa ba ne?"

Ba ta ɗago ba. "Saƙonki na ji shi sarai, har na waya. Ban kai shi ba. Na kai wanda ya dace."

"Amma ba haka na ce ba."

"Awo, ba haka kika ce ba. Ke yarinya ce, ni na ga jiya. Wa zai kai ubanki asibiti?"

"Ni. Na faɗa miki."

"Ke?" Ta yi dariya ta jefa goro a wani kashin. "Wata na farko ke. Wata na biyu ke. Sai ciki, sai laulayi, sai miji ya ce yau da baƙi. Sai a koma ɗaukar ƙanena a kujerar roba kamar buhun gero, unguwa na kallo. Ba da raina ba."

"Gwaggo, da an tambaye ni."

"An tambaye ki miji, kin ce shi. Gidan da za ki, mota har sun rasa inda za su aje ta. Nan kuwa guda ce ke shiga. Motar ta zauna, ke ki tahi. Kowa ya samu. Mi ne abin kuka ciki?"

Ba kuka nake yi ba. Ina kallon goron ne, fari da ja, yadda take raba shi daidai wa daida ba ta ko ƙirgawa.

Ta nuna bayan Inna da haɓa. "Ga uwarki nan. Keken ɗinki gare ta gidansu, sabo, ita ke ɗinke ma 'yan matan garinsu kayan salla. Anka ce a bari sai bayan biki a kawo mata. Ƙanwarta ta gaje shi. Ta mutu? Ga ta nan da ɗiyanta, lahiya lau."

Rariyar Inna ta tsaya. Ban taɓa jin labarin keken nan ba. Na san dai in rigarmu ta yage Inna kan karɓa ta gyara da allura, ɗinkin ya fi na tela kyau, kuma ba ta son a yaba. Rariyar ta ci gaba.

"Magana ta riga ta fita gaban manya, an shafa," in ji Gwaggo. "In kina iyawa, tashi ki tahi ki ce ma surukanki Baffanki maƙaryaci ne. Ga hanya nan."

Ta san babu hanyar. In na ce ban faɗa ba, ko Baffa ya yi ƙarya ko Gwaggo ta yi, kuma duk ɗaya ne a kunnen gidan su Sharifuddeen: dangin da bakinsu bai zama ɗaya ba, da yarinyar da take ƙaryata iyayenta tun kafin a ɗaura.

Na ce a raina saura Baba. Shi ne mai gida. In ya ji gaskiya, kalma ɗaya zai aika wa ƙaninsa.

Da magariba na kai masa kunu. Yana kishingiɗe, rediyo a gefen matashi. Maganarsa tana fita a hankali tun ciwon, sai an jira. Na zauna a ƙasa na buɗe baki, ya riga ni.

"Mode ya hwaɗa mini... abin da kika yi."

"Baba..."

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Tunda anka fara maganar ga... ban barci. Ina tunanin kujerar nan. Ban roƙe ki ba. Ba ni iya roƙonki." Ya numfasa. "Sai ga shi ke kika yi, da kanki. Allah shi ba ki masu yi miki."

Ya juya fuska bango. Na ga kafaɗarsa tana motsi.

Na ce, "Amin, Baba." Na gyara masa kofin inda hannunsa zai kai. Na fita.

Masu cewa in yi magana, ku faɗa mini a wace gaɓa.

Lahadi ban fita ba. Dangi suka yi ta kira suna sa albarka, rabi a kan auren, rabi a kan motar. Wata 'yar Gwaggo har ta turo tana tambaya ko Jibrin zai samu kai su suna ran Alhamis, su uku ne kawai, ba su da jiki.

Litinin da safe na sa baƙar abaya da mayafi ruwan toka, na ɗauki farar rigar aiki a hannu. Ina shiga Barkono na san an shige ta. An tura kujerata baya har ƙafata ba ta kai kuloci. An karkatar da madubi. Turaren Jibrin ya cika ta, ga carbi an rataya. Makulli na biyu yana cikin kwabar Inna, ban san wanda ya ba shi ba. Na gyara kujera, na gyara madubi, na cire carbin na sa a aljihun ƙofa. Na tayar.

Na wuce kwanar masallaci, na miƙe. Sai na ga babu haske a bakin lungu. Baƙar jif ta gindaya, ta toshe shi daga katanga zuwa lambatu.

Na taka birki. A madubi na ga mai ruwa ya biyo ni da kurarsa cike da jarkoki, ya tsaya yana share gumi. Gaba babu, baya babu.

Sharifuddeen ya sauko daga kujerar mai zaman banza. Farar shadda, hula a karye. Wani dattijo na zaune a sitiyari. Na sauke gilashi.

"Amarya, kin tashi lafiya? Na yi ta kira jiya."

"Lafiya lau. Motarka ta tare hanya."

"Ai saboda ke aka kawo ta." Ya yi murmushi. "Alhaji ya ce tunda kin yi wannan halacci, bai kamata ki wahala ba. Ga Malam Garba, daga yau shi zai riƙa kai ki aiki yana ɗauko ki. Ki fara sabawa."

Malam Garba ya ɗago hannu daga cikin jif ya gaishe ni. Na amsa.

"Sharif, ban ce zan bar motar nan ba."

Murmushin ya ɗan rage. "Baffa ya ce..."

"Na san abin da Baffa ya ce. Ni ban faɗa ba. Na aika a ce zan tafi da ita. Aka canza a hanya."

Ya dafa rufin motar ya sunkuyo. Ya tsaya yana auna maganar. Abin da nake so a wurinsa ke nan, ba ya gaggawar magana. Yau na fi so ya yi gaggawa.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Kausar, kin san ni ba ni da matsala da tuƙinki."

"To ka faɗa wa Alhaji."

"In ce masa me? Dattawanku sun faɗi abin da ba haka ba? Jiya a masallaci yake ba abokansa labarinki."

"To shiga."

"Na'am?"

Na miƙa hannu na buɗe ƙofar gefe. "Shiga in kai ka injin casa, hanyata ce. Mu wuce ta gaban shagon Alhaji, ina tuƙi kana zaune. Ba sai ka ce komai ba. In ya gani, ya ji."

Ya kalli ƙofar da ke buɗe. Ya kalli Malam Garba. Mai ruwa a baya ya buga jarka. "Hajiya, rana na yi!"

"Ba a yin haka, Kausar," ya ce. "Ki bari a bi a hankali. A ɗaura tukuna, hankalin kowa ya kwanta. Bayan biki sai mu san yadda za mu yi. Wallahi bayan biki ni da kaina zan sa a kawo miki ita."

Ina jin ya yarda da abin da yake faɗa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Sai na ga ya miƙe da sauri, ya cire hannu daga rufin, ya zube ƙasa, farar shaddarsa a bakin lambatu.

"Inna, ina kwana."

Na juya. Inna ce tsaye jikin katanga, tsakanin motata da kurar mai ruwa, cikin babban hijabinta ruwan ƙasa na zuwa gaisuwa. Kular abincina na rana ce a hannunta, na manta ta a madafa. Inna ba ta biyo mutum da mantuwa, aike take yi. Ban san tun yaushe take wurin ba. Gilashina a sauke yake.

Ba ta amsa gaisuwarsa da baki ba, ta ɗan rusunar da kai, kamar yadda suruka take yi. Ta zagaya ta gaban motar, tana rage jiki tsakanin fitila da katanga. Ta zo ƙofar da na buɗe wa Sharifuddeen. Ta tattare hijabi ta zauna, ta ɗora kular a cinya, ta jawo ƙofar ta rufe.

Ta dubi gaba, ta yi magana da iska.

"A ce ma mai motar ga ya janye. Za mu wuce."

Sharifuddeen na durƙushe har yanzu. Ya dube ni. Ban taimake shi ba.

"Kausar."

Ban gane da ni ake ba. Na san muryar, na san sunan, ban taɓa jin su tare ba. Ta faɗe shi a hankali, ta ja ƙarshensa, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe da ajiyewa. Hannuna ya zame daga kan giya.

"Na'am, Inna."

"Gidan Baffanki za mu, Tudun Wada."

"Inna, aiki..."

"Ki buga musu ki ce uwarki ta aike ki." Ta gyara zaman kular. "In munka isa, ki kashe ta ki ba ni makullin a hannuna. Ke ki tsaya waje."

Sharifuddeen ya tashi yana kakkaɓe gwiwa. Ya je ya yi magana da Malam Garba. Jif ɗin ta ja baya kaɗan, ta tsaya, ta sake ja, har haske ya buɗe daidai faɗin Barkono, babu ƙari. Wayata ta yi ƙara a cinyata. Shi ne, yana tsaye ina ganinsa, amma ya rubuto:

"Don Allah kada a ɓata magana. Alhaji ba ya yafe irin wannan."

Na kife ta. Na naɗe madubin gefe, na sa giya ta ɗaya, na bi ta tsakanin katanga da ƙarfen jif. Sharifuddeen bai matsa ba sai da na zo dab da shi.

A bakin kwalta na tsaya duba hanya. A madubi na hango Jibrin ya fito da gudu daga kwanar masallaci, ba takalmi, waya a kunne. Ba sai an faɗa mini wadda yake kira ba. Inna ma ta gan shi.

"Inna," na ce, "wa za ki ba makullin?"

Ba ta dube ni ba. Ta kai hannu bayan kafaɗa ta jawo bel ɗin kujera, abin da ba ta taɓa yarda ta ɗaura ba tunda na sayi motar. Ta laluba, ta laluba, har ya ce ƙas.

"Sun ce tana da gudu," ta ce. "Mu riga Gwaggonki isa."